Ɗan Kunnen Marigayiya

A can ƙasar waje, a tashar tram, wato jirgin ƙasan cikin gari, ta unguwar Guillotière, na ji wata dattijuwa tana yi wa budurwar da ke gefenta magana.

"Ɗiyata, kunnen nan ya kumbura. Sabon huji ne?"

"E, Inna. Ɗan kunnen mahaifiyata na sa, Allah ya ji ƙanta. Likita ya ce zinariyar gauraye ce, in cire."

"Amin. To ki cire mana."

"Ko zaman makoki ban samu zuwa Damagaram ba. Shi kaɗai aka aiko mini."

"Ai zare ake sa wa ɗanyen huji har ya warke. Ba wanda ya gaya miki?"

"Mai gaya minin ce ta tafi, Inna."

Dattijuwar ta ajiye jakarta.

"Matso nan, in cire miki a hankali."