Wanda Ya Tayar da Motar Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara girma. Malam Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawan Agege, maƙwabtanmu Yarbawa da suka rufe shaguna suka zo, shugabannin direbobi, 'yan'uwana makanikai, ina gaishe ku duka. Hajiya Iyatu, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa Nazir da Firdausi, sannunku da haƙuri.

Ni ne Baballe, shugaban ƙungiyar makanikan wannan yanki. Da aka ce ni zan yi magana a addu'ar arba'in ta Malam Jumare, na ji ana dariya daga baya, kuma masu dariyar ba su yi laifi ba. Shekara ashirin da biyu garejina na kallon nasa a titin Abule Egba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kun san tsakaninmu. Kullum da safe sai ya ƙwalo mini kira daga tsallaken titi: "Bawana, yau motar wa za ka kashe?"

Ya kasance ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido, mai mota na ta zuba bayani shi ko a jikinsa. Ya kasance abokin faɗan direbobin bas-bas ɗin haya na danfo masu liƙe jar fitilar mai da baƙin tef don kada ta dame su. Ya ɓare tef ɗin ya manna wa direba a goshi, ya ce, "Oya, je ka, kai ma ka daina ciwo." Akwai mutum uku a nan da aka yi wa haka, ba zan nuna su ba. Ya kasance idan janaretan masallaci ya mutu shi ake kira, idan na cocin bayan layi ne ma shi ake kira, kuma da rigar aikinsa guda yake zuwa ko'ina.

Amma ni da wata magana na zo, wadda ta shekara uku tana cina.

Kun san motar unguwa, tsohuwar bas ɗinmu mai kai marar lafiya asibiti, mai kai amarya, mai kai mamaci. Ita ta kai Malam Jumare makwancinsa. Agogon tafiyarta ya zagaye har ya gaji ya tsaya. A shekarar da sojoji suka koma bariki, direbanta Siman yana dawowa daga Ogba sai jar fitilar mai ta kama, injin ya fara ƙaf-ƙaf. Nan take ya kashe ta, aka jawo ta garejina. Na bugi ƙirji a gaban dattawa na ce famfon baƙin mai ne, a ba ni kwana uku. Na kwanta a ƙarƙashinta, na sauke kaskon mai, na sa sabon famfo. Fitila ja. Na ce jabu aka sayar mini, na sa wani. Fitila ja. Kwana uku suka zama goma sha ɗaya, ana ɗora marasa lafiya a kan baburan okada a gaban idona. Dattawa suka ce in ba ta tashi ba zuwa Juma'a, 'yan gwangwan za a kira su saye ta. Wallahi na san sunana zai bi ta.

Ranar Alhamis, mutane sun tafi la'asar, sai ga Jumare ya tsallako wai aron sifana.

Ya ce, "Ka zuba mai?"

Na ce, "Na cika."

"Famfo sabo?"

"Na biyu ke nan. Abeg ɗauki sifanar ka tafi."

Bai tafi ba. Ya buɗe murfin mai na saman injin, ya zura yatsa, ya fito da shi a bushe. Ya ce, "To bawana, shi famfon, kansa yake juyawa?"

Sai na matsa na ba shi wuri. Ya cire distiribita, abin nan mai raba wa filogi wuta, ya zaro wata 'yar sandar ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, tsawonta bai wuce biro ba. Ita ke ɗauko juyi daga sama ta kai wa famfo. Kanta mai kusurwa shida ne, amma tsufa ya cinye kusurwoyin, ya zama sumul kamar bakin taɓarya. Sama na juyawa, sanda na zamewa, famfo na zaune. Ni kuwa kwana goma sha ɗaya ina kwance a ƙasa ina neman ciwon da yake sama. Ya zura dogon ƙarfe ya murza famfon da hannu, sai ga mai ya hauro. Ya tsallaka ya ciro irin sandar daga wani mataccen inji a bayan garejinsa, ya mayar da komai, ya ce in tayar. Fitila ta mutu, ƙarar ta kwanta. Ya ce, "Ka gode wa Siman da ya kashe ta da wuri, da injin ya buga."

Daidai nan mutane suka fito daga masallaci. Jumare ya goge hannu, ya ɗauki sifana, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai jama'a, ashe Kanawa ma sukan yi abin kirki!" Ya wuce abinsa. Aka yi ta rungumata, ni kuma na yi shiru. Bayan wata biyu kuka zaɓe ni shugaba saboda wannan gyara, kuma hannunsa ne ya fara tashi sama.

Hajiya Iyatu, ko ke na san bai gaya wa ba. Nazir, Firdausi, ku ji da kunnenku: mahaifinku ne ya tayar da motar nan, ba ni ba. 'Yan'uwana makanikai, kujerar da kuka ba ni a kan aikinsa kuka ba ni, in kun ga dama ku karɓi abinku, ba zan ji haushi ba.

Kada ku ce ban gwada ba. Sau uku ina zuwa wurinsa in ce zan faɗi gaskiya. Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Mota ta tashi, kai ma ka tashi, me kuma nake nema? Je ka faɗa mana. Ina cikin taron zan miƙe in ce ƙarya kake yi."

To, yau ga taro, na kuma faɗa. Tun ɗazu nake jan maganar ina dube-dube, ko wani zai miƙe ya ƙaryata ni. Babu wanda ya miƙe.

Mun gode wa kowa da ya baro aikinsa ya zo. Ya Allah, bawanka Jumare ya rufa mini asiri a ranar da yake da ikon tona shi. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata kabarinsa, Ka albarkaci bayansa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Malam Liman, a ja mana Fatiha.