Iyayen da Suka Zo na Ɗaya

A bencin ƙofar ofishin shugaban makaranta, wani tela ya gaji da shiru, ya juya ga mutumin da ke gefensa.

"Malam, kai ma ƙara ka kawo?"

"Ƙarar malamin tarihi."

"Ashe tafiyarmu ɗaya. Wai ya koya musu yadda ake karanta tarihi: kowane labari sai an tambayi wa ya faɗa, wa ya gani. 'Yata ta dawo gida ta fara da ni."

"Da wane labarin?"

"Na cewa ni nake zuwa na ɗaya a ajinmu. Ta ce bakin mutum ɗaya bai isa shaida ba, ta ɗauki biro ta nufi ɗakin kakarta."

"Tsohuwa ta rufa maka asiri?"

"Ina fa. Ta ce aji uku sau biyu na yi shi. Na ce malamai ne suka ƙi rabuwa da ni. Yarinyar nan ta rubuta, ta ƙara da 'in ji shi'."

Mutumin ya yi ajiyar zuciya. "Ɗana ne ya haɗa binciken ajin. Duk ubanninsu na ɗaya suke zuwa. Jibi zai karanta a taron iyaye."

Tela ya dubi layin magidanta har bakin baranda, kowa kansa a ƙasa.

"Kai fa, na nawa kake zuwa?"

"Na ɗaya mana." Ya rage murya. "Ni tsohuwata ta rasu, Allah ya jiƙanta."