Gidan Malam Teofilo Yana Nan a Tsakiyar Hanya

Fada limamin cocinmu, Kapitan shugaban ƙauyenmu da 'yan majalisarsa, malamai, Nanay Soling uwargidan marigayi, jama'a, ina gaishe ku.

Sunana Erlinda. Idan na yi tuntuɓe ku yi haƙuri, sai da na haifi 'ya'ya huɗu Malam Teofilo ya koya mini riƙe alƙalami.

Ya kasance yakan fito da 'yan aji shida kowace Asabar, su share magudanar ruwa, su ɗebo wa tsofaffi ruwa. Ya kasance yakan sa su ɗaga bukkar kaji a kan gora, su zaga fili da ita suna waƙa. Yakan ce, "Wannan shi ne bayanihan. Haka iyayenku ke ɗaukar gidan maƙwabci a kafaɗa, ladansu taliya." Yaran suka yarda da shi.

Da kogi ya fara cin gindin gidansa, sai ya roƙe mu mu ɗauke masa shi, mu kai nesa da ruwa. Kapitan ya yi shela. Nanay Soling ta dafa taliyar mutum arba'in. Amma ranar ana faɗan zakaru a garin gaba. Mijina da bakinsa ya ce masa, "Kumpare, aminina, mako mai zuwa mana! Gidan zai gudu ne?"

Maza bakwai suka zo, da yara sha tara.

Malam ya hana yaran taɓa gora, ya sa kafaɗarsa, da shekara sittin da huɗu. A gaban shagon Mang Kulas zuciyarsa ta tsaya. 'Yata Divina ce ta riƙe masa kai.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Mun kawo furanni, mun cika coci maƙil. Gidan kuwa yana nan a karkace inda aka ajiye shi, masu babur suna kewaye shi har suna tsaki. Nanay Soling, a ciki kike kwana, ga lokacin guguwa ya ƙarato. Ba mu da fuskar ba ki haƙuri.

Divina ta daina fita ranar Asabar. Ta ce mini, "Nanay," wato Mama, "ashe abin na makaranta ne kawai?" Tsoro nake ji ta girma a haka.

Na gode da saurare. Ubangiji ya ba Malam hutawa ta har abada, mu kuma ya ba mu kunya. Amin.

Gorar ɗaukar gidan tana bayan coci. Yaran suna bakin ƙofa, suna kallon wanda zai fara tashi.