An ɗaure ni a jikin firigo

Salama gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Usaini, makiyayi ne ni. Mu tagwaye ne da Hasan, ko da yake ba mu yi kama ba. Tare muke kora shanu har Tagriss, sai ƙishirwa ta kama ni, irin wadda ruwan rijiya ba ya kashewa. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna.

A asibitin Dakoro dokotoro ya ce ciwon sukari ne, irin mai allura kullum har ƙarshen rai. Ya ce kuma jinina ya yi ƙarancin bitamin D, wanda rana ke bayarwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a rana fa na girma! Ga Hasan lafiya lau."

Ya ce, "Ranarku ɗaya, amma kowane jiki da yadda ya gaji karɓarta. Wataƙila da hannun wannan a ciwonka. Ba laifinka ba ne."

Maganin allurar ba ya son zafi. Sai na zauna a gari, kusa da firigon wani mai shago, inda nake ajiye shi cikin sanyi. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai in ji tsoron maganin zai lalace. Da damina ta sauka, Hasan ya yi arewa da garke, ni ina tsaye bakin gari kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Wayyo! Na ji haushin ɗan'uwana, na ji haushin jinina.

Wata Lahadi na ce wa fasto, "Baba, gobe zan bi su, ko da allura ko babu."

Bai yi mini faɗa ba. Ya riƙe hannuna muka durƙusa. Abin da na iya faɗa kawai, "Yesu, na gaji." Na yi ta kuka.

Cikin makon, wata ma'aikaciyar asibiti ta nuna mini yadda ake ajiye maganin a ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi.

Ban warke ba, ƴan'uwa. Yau ma na soka wa cikina allura kafin in zo. Tagriss ta yi mini nisa har yanzu. Amma na kai Korahane, inda garkenmu ya ya da zango, da tuluna bisa jaki, kuma jar saniyarmu ta gane muryata, ta taho da gudu!

Godiya ga Ubangiji. Kai da ke ɗaure, kada ka yar da maganinka, kada kuma ka saki Yesu. Amin.