Waƙar Gwaggo Ta Ƙi Fitowa Sai da Dutsen Niƙa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah shi ƙara lafiya. Ni makaɗin gurmi ne daga Unguwar Rogo, Sakkwato, kuma hankalina a tashe yake.

Wasu 'yan fim na Indiya na shirya tarihin wani tela ɗan ƙasarsu da ya zauna Ƙofar Kware farkon zuwan Turawa. Sunka ba ni aikin kiɗa, sunka ce waƙar niƙa ta matan wancan zamani suke so. Na ce akwai, don gwaggona ta gaje ta wurin kakarta.

Na kai mata rikoda, ta buɗe baki, shiru. Tac ce, "Ɗana, waƙar ga ba ta fitowa sai hannu na bisa dutse." Dutsenmu kuwa an binne shi cikin harsashin ɗaki tun zuwan inji. Na jawo turmi, tac ce daka daban, niƙa daban. Baƙin sun fara ɗaure kaya, Gwaggo kuma kullum ƙarfinta raguwa yake. In ta tafi, waƙar ta tafi.

Don Allah jama'a, mai dutsen niƙa ya ara mini. Ni zan ɗora hannuna bisa nata in tura, ita dai ta rera.