A faɗa wa Malam Bello ina da rai

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin rediyo. Yau Laraba, daga Jega nake rubutowa. Ƙafafuna sun kumbura, tarin ma bai sake ni ba.

Makon jiya na cika shekara tamanin. Ɗana Nasiru ya shirya mini walima, ya gayyato waɗanda na koyar a firamare daga Aliero da Maiyama. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka zazzauna. Mu nan ba a irin wannan zama sai an yi rashi. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa, "Allah ya jiƙan Malam, shi ya koya mana karatu." Ina ɗaki ina jin su ta taga.

Labarin mutuwata ya kai Katanga wurin Malam Bello, shi kaɗai ya rage cikin sa'o'ina. Wani mai babur ya ce tun da Bello ya ji ya kwanta, ba ya cin abinci. Ba shi da waya, sai rediyo. Nasiru ya koma garin da yake zaune, ba ni da ɗan aike.

Don Allah ku faɗa masa ina nan.

Bello, ba ka taɓa fashin zuwa wurina ranar kasuwa ba. Ranar kasuwar da ta wuce na shimfiɗa maka buzu, har aka kira magariba ba ka zo ba.