Kar A Matse Min

A bencin shagon mai haɗa bidiyo, wata mai goyo ta rungume tsohuwar kyamara kamar ƙwai. Wani dattijo da ke gefenta ya leƙo.

"Baiwar Allah, ki ce ya matse miki bidiyon, ya rage nauyi ya shiga waya. An wuce wajen."

"A'a, Baba. A fara kwafe shi a kwamfuta yadda yake, sannan a juya kwafin ya shiga manhajar yanka. Na asalin kar a taɓa."

"Zai yi nauyi fa."

"Ya yi ta yi. Baban yarinyar nan ne a ciki, kuma daga nesa aka ɗauko shi. Ba ta tashi ta same shi ba. In aka matse, fuskar ce za ta fara tafiya."

"Allah ya jiƙansa. Amma ba ta tafiya. Ga na aurena, matsewa uku, ƙalau."

Ya miƙo wayarsa. Ta duba tsaf.

"Wanne ne kai, Baba?"

Ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya ja baya, ya daɗe.

"Mai farar riga."

"Duk fararen riguna ne."

Ta mayar da kyamarar ɗaya gefen, nesa da shi.